Binciken Ƙullutun Maƙoƙo

Binciken ƙullutun maƙoƙo hanya ce da likitoci ke bi don tantance ko ƙullutun da ya fito a ƙwayar tayirod, wadda ke gaban wuya, sankara ne. Da sikanin ake farawa. Ƙullutu mai tauri, mai duhu a hoto, mai gefe cako-cako ko ɗige-ɗigen kalsiyam, shi ake zargi. Sai a soka siririyar allura, a zuƙo ƙwayoyinsa, a duba su a madubin likita. Tsarin Bethesda, wanda ya samo asali a 2007, ya kasa sakamakon gida 6. A Sakkwato, akan tura masu wannan larura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Yawancin irin wannan ƙullutu ba sankara ba ne.