Jirgin Alhazan 1973: Alƙaluma Na Nan, Ina Muryoyin?

Ranar Litinin, 22 ga Janairun 1973, jirgin sama ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda ɗauke da alhazan Nijeriya. Legas ya nufa, amma rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi zuwa Kano. Wajen sauka ƙafar jirgin ta karye, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin, duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin da ya ci rayuka haka ba.

Wannan shi ne abin da takardu suka riƙe. Sai dai takarda ba ta san matar da ta kwana tana girkin tarbar maigida ba, ko yaron da aka yi wa alkawarin tsarabar dabino da zamzam. Waɗannan labarai suna bakin iyaye da kakanni, kuma wanda yake da shekara 10 a ranar, yau ya haura 60. Duk jana'izar ɗayansu, da wani shafi na tarihin ake binne shi.

Wayar da ke hannunka ta isa fara aikin. Nemi izinin dattijo, ka zauna da shi, ka tambaye shi inda yake sa'ad da labari ya iso, da wanda ya kawo shi. Kada ka katse shi, ko da ya yi shiru.

Naɗar murya ba ita ce adanawa ba. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar mutanen Birtaniya a kan faifan leza, amma kafin shekara 20 na'urar karanta shi ta yi wuyar samu. Littafin Domesday na 1086 kuwa, da aka rubuta a kan fata, har yau ana karanta shi. Don haka kada ka bar muryar a WhatsApp kawai. Yi kwafi 3 a wurare daban, ka haɗa da sunan mai magana, garinsa da ranar hirar, sannan ka rubuta maganar a takarda. In iyali sun amince, a kai kwafi cibiyar tarihi irin su Arewa House da ke Kaduna.

Allah ya jiƙan alhazan. Sunayensu kuwa, mu aka bar wa amana.