Sarrafa Gudun Moto Don Rage Cin Wuta a Injinan Jigila da Busar da Hatsi a Kudancin Kano

Shinkafa da masara suna cikin manyan amfanin gona a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Yankin ya fi sauran sassan jihar Kano samun ruwan sama, kuma madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta buɗe ƙofar noman rani a filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Daga Doguwa da Tudun Wada, hatsi yakan biyo hanyar Kwanar Dangora zuwa Kano. Har yau yawancin busarwa shanya ce a kan tamfol ko dandamali, wani lokaci ma a gefen kwalta, amma masana'antun casar shinkafa masu tukunyar tururi da na'urar busarwa suna ƙaruwa. Kowacce daga cikinsu ta dogara ne da injin lantarki mai juyawa, wanda masu gyara ke kira moto.

Yawan ruwan da ake cirewa

Samfarera takan fito daga gona da damshin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, kuma ba ta ajiyuwa sai ta sauko zuwa 14. Tan ɗaya mai damshi 24 na ɗauke da busasshen hatsi kilo 760, don haka sai an fitar da ruwa kilo 116 kafin ta kai 14. Idan an jiƙa ta an turara, damshin kan haura 30. Daga 33 zuwa 14, ruwan da za a kora ya kai kilo 221 a kowane tan, kuma mayar da shi tururi na bukatar zafin da ya kai kimanin kilowat-awa 140, ko da babu asara ko kaɗan. Wannan zafin daga wutar buntu ko itace yake fitowa, kuma buntu kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na nauyin samfarera. Aikin lantarki shi ne tura iska da ɗaga hatsi. A nan ne kuɗin ke tafiya, musamman tun watan Afrilun 2024 da aka kai farashin wuta na rukunin A naira 225 kan kowane kilowat-awa, ga kuma tsadar man gas ga masu dogaro da janareta.

Fanka

Moto mai sanda huɗu a kan wutar Najeriya mai hez 50 yana juyawa kusan sau 1,450 a minti, ko ana bukatar haka ko ba a bukata. Idan iska ta yi yawa, abin da aka saba shi ne a rufe wani sashe na bakin fanka da marfin ƙarfe. Iskar ta ragu, amma cin wutar bai ragu yadda ya kamata ba, tamkar direban da ya taka totur ya kuma taka birki. Na'urar sauya gudu, wadda ake kira inbata, tana rage hez ɗin da ke isa moto, sai gudun kansa ya sauka.

Ribar tana cikin ɗabi'ar fanka. Yawan iska na bin gudu kai tsaye, ƙarfin turi na bin gudu sau gudu, cin wuta kuwa gudu sau gudu sau gudu. Idan aka sauke gudu zuwa kashi 80, wutar da ake bukata ta koma 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato kashi 51. Fanka mai jan kilowat 15 za ta koma kusa da 8, har da ɗan abin da inbata ke ci, wanda bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba. A aikin awa goma an tsira da kimanin kilowat-awa 70, kusan naira 16,000 a farashin da aka ambata, ko lita 20 na man gas a janareta. Lissafin ba ya cika cif a aikace, domin iskar da ke ratsa tarin hatsi ba ta bin ƙa'idar daidai wa daida, amma ragin yana nan da yawa.

Shin rage iska ba zai jinkirta bushewa ba? A farkon aiki zai jinkirta, domin a lokacin ruwan yana bayan ƙwaya, duk iskar da ta zo sai ta ɗauki rabonta. Da damshi ya sauko ƙasa da 18 ko makamancin haka, lamarin ya sauya: ruwan da ya rage yana can cikin ƙwaya, a hankali yake tsattsafowa, kuma iska komai yawanta ba ta hanzarta shi. Sai ta fita da zafinta ba ta ƙoshi da ruwa ba, a yi asarar wuta a yi asarar buntu. Mafi muni, bayan ƙwaya ya bushe cikinta na jiƙe, sai ta tsage, a wajen casa ta kakkarye, farashinta ya faɗi. Masu turara shinkafa a gida sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke tattara shanya su lulluɓe ta ta huta kafin su sake bazawa. Abin da ya dace shi ne a ɗaura gudun fanka a kan ma'aunin zafi da laimar iskar da ke fita: cikakken gudu a awannin farko, sannan a riƙa saukewa.

Yanayin yankin ya ƙara wa wannan tsari daraja. Girbin damina yana haɗuwa da shigowar hunturu, lokacin da iska take a bushe ƙayau, ƙaramin gudu da ɗan zafi sun wadatar. Shinkafar rani kuwa takan nuna dab da faɗuwar damina, iska ta fara nauyi da laima. Na'urar da aka auna wa fanka don watan Yuni ta yi wa watan Disamba yawa. Masarar Doguwa da aka girbe ana sauran yayyafi ita ma tana son iska mai yawa da wuri, domin jinkiri a kan damshi ne ke ba fumfuna mai haifar da gubar afalatoksin damar yaɗuwa.

Bel da bokitai

A ɓangaren jigila labarin daban ne, kuma nan ne ake yawan ɓarnatar da kuɗi. Bel mai ɗauke da hatsi da dodon-koɗin ƙarfe mai tura shi suna bukatar ƙarfin juyi kusan iri ɗaya a kowane gudu, don haka ragin kashi 20 a gudu ba ya haifar da fiye da ragin kashi 20 a wuta. Na'urar bokitai mai ɗaga hatsi sama ma ba ta son a taɓa gudunta sosai: da saurin juyawa take watso hatsin a can ƙoli, idan aka rage sai ya riƙa zubowa baya, a ɗaga abu ɗaya sau biyu.

Ɗaga tan 5 a awa zuwa tsayin mita 10 aikin wat 136 ne kacal. Moton da ake ɗora wa irin wannan na'ura kan kai kilowat 1.5 ko fiye, ke nan yawancin wutar na ƙarewa ne a gogayya da juyin banza. Moton da ke ɗauke da ƙasa da rabin nauyinsa ingancinsa na faɗuwa, yana kuma cika wa janareta ciki da wutar da ba ta aiki. Maganin ya fi inbata araha: moto daidai da aikinsa, bel mai tauri daidai, da ma'auni a bakin mazurari da zai tsayar da layin idan hatsi ya yanke. A ƙananan masana'antu ba abin mamaki ba ne a ga bokitai na zagayawa wayam yayin da leburori ke sauke buhuna daga tirela.

Tashi da janareta

Moton da aka haɗa da layi kai tsaye yana zuƙar wuta ninki 5 zuwa 7 a daƙiƙun tashi, har fitilu su dusashe, janareta ya yi gurnani ya turnuƙe da baƙin hayaƙi. Saboda waɗannan daƙiƙun ake sayen janareta mai girman da ya wuce bukata, ya wuni yana shan mai a kan ƙaramin aiki. Tayar da moto ta haɗin waya na tauraro da dalta yana sauke zuƙar zuwa kashi ɗaya cikin uku, inbata kuwa na tayar da moto a hankali da abin da bai wuce na aikin yau da kullum sosai ba.

Ita ma inbata tana da sharuɗɗanta. Yawancinsu an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma ɗakin injin mai rufin kwano a watan Afrilu yana zarce haka. Ƙurar buntu tana toshe mata hanyar iska cikin 'yan makonni, don haka akwatinta na bukatar matata da wurin da ke nesa da injin casa. Tana gurɓata tsarkin wutar janareta idan ba a sa mata kwayil na tacewa ba. Moton da aka sha sake masa naɗin waya bayan ƙonewa, musamman wanda aka gasa cikinsa da wuta don cire tsohuwar waya, ya riga ya rasa wani ɓangare na ingancinsa, kuma rufin wayarsa ba lalle ya jure bugun inbata ba. Irinsa gara a musanya shi da sabo mai darajar inganci ta IE3 kafin a haɗa.