Labarin Wadume: Daga Takum Zuwa Hotoro

Yau za mu waiwayi shekarar 2019.

A watan Fabrairun shekarar, 'yan bindiga suka ɗauke wani attajiri a gidan mansa da ke Takum, jihar Taraba. A cewar takardar tuhumar da aka shigar kotu, sun nemi naira miliyan 200, aka biya su miliyan 106. Wanda aka zarga da jagoranta shi ne Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, tsohon mai sana'ar kifi daga garin Ibi, da ya yi suna wajen kyauta.

Ranar 6 ga Agusta, 'yan sandan IRT suka kama shi a Ibi. A hanyar Wukari sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan sanda uku suka mutu, Wadume ya tsere. Bayan mako biyu aka sake cafke shi a Layin Mai Allo, Hotoro, Kano. To ku lura, Hotoro ce motocinmu na Dutse ke ratsawa bayan sun wuce Wudil. Wato abin bai yi mana nisa ba. A bidiyon da 'yan sanda suka saki, da Hausa ya ce sojoji ne suka yanke masa ankwa.

A Yulin 2022, Mai Shari'a Binta Nyako ta yanke masa shekara bakwai, kan tserewa daga hannun hukuma da mu'amala da haramtattun makamai. A Afrilun 2024 ya fito, Ibi ta cika maƙil da masu tarbarsa.

Wannan tarbar ce ta fi tsaya mini a rai. Hukunci na kotu ne, amma tambaya tamu ce. Duk kuɗin fansa, wani gida ne ya sayar da gona ko shanu ya haɗa shi. Idan yaro ya kwana talaka ya wayi gari yana rabon babura, mu kan tambayi sana'arsa kuwa, ko layi muke bi?

'Yan kasuwarmu na Shuwarin da Sara ba za su samu kwanciyar hankali ba muddin kyauta na rufe mana baki. Iyayenmu kafin su ba da 'ya sai sun binciki asali da sana'a. Mu matasa mu dawo da wannan tambayar.

Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.