Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Tumatirin Kadawa

Ina yaro na ga dalar gyaɗa da idona a Kano, buhu kan buhu, har sai mutum ya ɗaga kai kafin ya hango ƙarshenta. A makaranta kuwa an koya mana tarihinta: yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da yadda attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa sayen gyaɗa daga manoma. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne inda ribar take. Akasarin gyaɗar nan Ikko ake kai ta, a loda a jirgin ruwa zuwa Turai. Can ake matse man, a yi sabulu, a ba dabbobi tunkuzar. Kaɗan ce ake matsewa a masana'antun Bompai.

Daga baya sai fari ya zo a 1973, kuturun gyaɗa ya biyo baya a 1975, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma. Kafin a rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, dalar ta riga ta zama labari.

Abin da ke ba ni mamaki har yau, ai sana'ar sarrafa abinci tana cikin gidajenmu tun kaka da kakanni. Iyayenmu mata suna soya gyaɗa su niƙa, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli da abin da ya rage, ba a zubar da komai. Ga daddawa, ga kilishi, ga kauɗar tumatir. Amma ban taɓa jin malami ya kira wannan ilimi ba.

Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 mun yi murna, don an ce yara za su koyi aikin hannu. Na taɓa kai ziyarar aiki wata sakandare, na tarar da injunan da aka kawo suna cikin akwatunansu, ba wuta, ba malamin da ya san kansu.

A dubi Kadawa. Ruwan madatsar Tiga, da aka kammala a 1974, ya sa tumatir ya wadata, amma lokacin kaka sai ya ruɓe a kwando, mu kuma mu sayi na gwangwani daga waje. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a can a 2016, a shekarar kuma tsutsa ta cinye gonaki, aiki ya tsaya.

Shawarata ga malamai ba ta buƙatar inji. A sa ɗalibai su sayo mudun gyaɗa, a gayyato mai ƙuli-ƙulin unguwa ta nuna musu aikin, su auna man da ya fita, su lissafa kuɗin itace da na niƙa, sannan su gwada da farashin ɗanyar gyaɗar a kasuwar Dawanau.