Darasin Gwamnati a Makarantun Sakandare na Nijeriya: Tsakanin Hadda da Fahimta

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bai wa duk ɗan ƙasar da ya cika shekara 18 damar jefa ƙuri'a, kuma a kusan waɗannan shekaru ne akasarin ɗalibai suke kammala babbar sakandare, wanda hakan yake nufin cewa ajin ƙarshe na makarantar shi ne zango na ƙarshe da hukuma take da damar koya wa mafi yawan matasa yadda ake tafiyar da ƙasarsu. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin a 2018 ya ƙara wa lamarin nauyi, domin ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta dokokin jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa kuwa daga 40 zuwa 35.

Darasin Gwamnati, wanda hukumomin WAEC da NECO suke shirya jarrabawarsa, yana koyar da ginshiƙai irin su rabon iko, wato raba aikin yin doka da zartar da ita da fassara ta tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna don kada wani ya haɗe su a hannunsa, da kuma tsarin tarayya, inda gwamnatin tsakiya da jihohi kowace take da hurumin da ɗaya ba ta isa ta ƙwace ba. Manhajar ba ta da laifi a kan takarda. Matsalar tana ga yadda ake koyar da ita, domin sau da yawa malami yakan cika allo da rubutu, ɗalibai su kwafa, su haddace cewa an yi tsarin mulkin Clifford a 1922, na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, na Lyttelton a 1954, su zube su a takardar jarrabawa, alhali da wuya ɗayansu ya faɗi sunan kansilan mazaɓarsu ko abin da doka ta ɗora masa.

Wannan giɓi yana da tsada. Matashin da bai san cewa kuɗin da ake haƙa rijiyar burtsatse da su a unguwarsu sun fito ne daga baitulmalin jama'a ba, zai ɗauki aikin a matsayin kyautar ɗan siyasa, kuma wanda ya ɗauki haƙƙinsa a matsayin alfarma ba zai ga aibin karɓar taliya da sabulu ranar zaɓe ba. Daga cikin irin waɗannan matasa ne ake ɗibar 'yan bangar siyasa. Haka kuma kaɗan ne suka san cewa sashe na 69 na tsarin mulki ya tanadi kiranye, wato damar da masu zaɓe suke da ita ta dawo da ɗan majalisarsu gida kafin wa'adinsa ya cika. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Dalilan hakan suna da yawa, sai dai yanke ƙauna daga tsarin da mutum bai fahimta ba yana cikinsu.

Abin da ya fi dacewa shi ne darasin ya faro daga inda ɗalibi yake tsaye. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, 44 daga ciki a Jihar Kano, kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024, cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya isa ya zama abin muhawarar mako guda a aji, musamman idan aka sa ɗalibai su nemi kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsu su karanta. Ƙasar Hausa ma tana da nata dogon tarihin tunani a kan mulki, tun daga nasihar da Almagili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, zuwa Diya'ul Hukkam na Abdullahi ɗan Fodiyo, har zuwa kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 da gwagwarmayar Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba. Ɗalibar da ta ji cewa matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970, bayan takwarorinsu na Kudu sun daɗe da samu, za ta kalli katin zaɓenta da wani ido daban.

Akwai masu fargabar cewa buɗe irin wannan muhawara zai mayar da aji dandalin yaƙin neman zaɓe, kuma fargabar tana da tushe, ganin cewa malami ma mutum ne mai jam'iyyar da yake so. Amma ɗalibai suna jin siyasa dare da rana a gidajen rediyo da majalisun unguwa da shafukan Facebook, inda babu mai tambayar hujja, don haka maganin yana ga horar da malamai tun daga kwalejojin ilimi su iya gabatar da ra'ayoyi mabambanta da adalci, su kuma saba wa ɗalibi ya kawo hujja daga tsarin mulki ko daga tarihi kafin ya yanke hukunci.