Wa ke Riƙe da Hujja? Nazari kan Tilasta Dokokin Kariyar Bututun Mai a Amurka da Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda gwamnati ke tilasta wa kamfanonin da ke tafiyar da bututun mai bin ƙa'idojin kariya. An kwatanta fashewar bututu biyu: na kusa da garin Marshall a jihar Mishigan ta Amurka a 2010, da na garin Bodo a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas a 2008. Binciken ya dogara ne da dokokin ƙasashen biyu, da rahotannin hukuma, da hukunce-hukuncen kotu. An gano cewa a duka wuraren biyu kamfani ya san lalurar bututunsa shekaru kafin ya fashe, hukumar sa ido kuwa ba ta yi amfani da wannan sani ba. Inda suka sha bamban shi ne wanda ya riƙe hujja bayan fashewar. Maƙalar na ganin cewa nan ne ƙarfin doka yake, fiye da yawan kuɗin tarar da aka rubuta a cikinta.

Gabatarwa

Duk lokacin da bututun mai ya fashe a Nijeriya, magana biyu ake ji: ko dai a ce tarar da doka ta tanada ta yi kaɗan, ko a ce aikin masu fasa bututu ne. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Satar ɗanyen mai da tace shi a ɓoye cikin fadamun Neja-Delta abu ne da ba mai musunsa, kuma gobarar Jesse ta jihar Delta a watan Oktoban 1998, wadda ta ci rayukan mutane sama da 1,000, ta rutsa ne da jama'ar da suka taru suna kwasar man da ke tsiyaya. Amma akwai tambayar da ta riga waɗannan: idan bututu ya fashe, wa ke da ikon cewa ga dalili, kuma da wace hujja? Bututu dai a binne yake. Ba a ganin tsatsarsa sai da na'urar da ake turawa ta cikinsa tana auna kaurin ƙarfe da tsagewa, kuma kamfani ne ke hayar na'urar, shi ke karɓar sakamakon, shi ke fassara shi. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar hukuma ita ce mai ɗakin ne ake tuhuma.

Tsarin doka a taƙaice

A Amurka, hukumar PHMSA da ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, wadda aka kafa a 2004, ita ke kula da bututun da ke ratsa jihohi. Tana da ikon bincike, da cin tara, da ba da umarnin gyara na dole, har da tilasta rage matsin mai ko rufe layi. Yawancin ƙarfin da take da shi bayan asara aka ba ta: fashewar bututun fetur a Bellingham ta jihar Washintan a 1999, wadda ta kashe yara biyu 'yan shekara 10 da wani matashi, tana cikin abin da ya haifar da dokar kariyar bututu ta 2002. Akwai kuma wata hukuma daban, NTSB, wadda ba ta cin tara, ba ta ba da lasisi, aikinta kawai gano musabbabin haɗari.

A Nijeriya, Dokar Bututun Mai ta 1956 na nan da ranta. A 2006 aka kafa hukumar NOSDRA don ganowa da magance malalar mai, sannan Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta rushe sashen kula da albarkatun mai na DPR, ta raba aikinsa tsakanin sabbin hukumomi biyu, NUPRC da NMDPRA. Babu wata hukuma mai zaman kanta da aikinta ya tsaya ga gano musabbabin fashewar bututu.

Marshall, 2010

Ranar 25 ga Yulin 2010, layin 6B na kamfanin Enbridge, bututu mai faɗin inci 30 da aka binne tun 1969, ya tsage a wata fadama kusa da Marshall. Tsagewar ta kai kusan mita 2. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa a ɗakin sarrafa layin da ke Edmonton a Kanada, amma ma'aikatan suka ɗauka cewa giɓi ne ya samu a cikin man saboda an tsayar da famfo. Maganin giɓi shi ne a ƙara turo mai, don haka suka sake kunna famfo har sau biyu. Kamfanin na da ƙa'idarsa ta rufe layi cikin minti 10 idan ba a gane dalilin faɗuwar matsi ba, amma ba a bi ta ba. Sai da aka shafe sama da sa'o'i 17, kuma wani ma'aikacin kamfanin iskar gas na yankin ne ya ga man da idonsa ya kira su. Kafin nan galan sama da 840,000, wato kimanin ganga 20,000, sun malala cikin rafin Talmadge zuwa kogin Kalamazu. Kashi 81 cikin 100 na wannan mai a waɗancan kunnawa biyu ya fita. Da yake man mai nauyi ne irin na yashin Kanada wanda ake sirkawa, da sirkin ya bi iska sai wani ɓangarensa ya nutse ƙasan kogi, aka koma yasar laka shekaru bayan haka.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne abin da ya biyo baya. Masu binciken NTSB sun sa an yanko guntun bututun da ya tsage, aka kai shi ɗakin gwajinsu. Sun karɓi muryoyin da aka naɗa a ɗakin sarrafawa da bayanan matsin mai, suka yi wa ma'aikata tambayoyi. A gwajin aka ga cewa ledar da aka naɗe bututun da ita ta saki, ruwa ya shiga tsakaninta da ƙarfe, tsatsa ta ci, ƙananan tsage-tsage suka haɗe. Da suka koma kan tsofaffin bayanan kamfanin, sai ga wannan wuri a cikin sakamakon awon 2005. An gan shi, an ba shi matsayin da bai kai a tono ba, aka bar shi shekara biyar.

Rahoton da NTSB ta fitar a watan Yulin 2012 bai tsaya kan kamfanin ba. Ya ɗora wa PHMSA laifin raunin ƙa'idojinta game da tsagewa, da sakaci wajen duba tsarin kai ɗaukin gaggawa na kamfanin, domin ma'aikata 'yan ƙalilan ne ke duba ɗaruruwan irin waɗannan tsare-tsare. PHMSA ta ci kamfanin tarar dala miliyan 3.7, mafi girma a tarihinta zuwa lokacin, alhali kuɗin tsabtace kogin ya haura dala biliyan 1. Wannan tara ba ta isa ta tsorata kamfani irin wannan ba. Abin da ya yi tasiri shi ne hujjar da aka tattara, wadda ta sa a 2016 kamfanin ya amince da sulhun dala miliyan 177 da gwamnatin tarayya, kuma dala miliyan 110 daga ciki na ayyukan kariya ne da aka wajabta masa. Tsarin Amurka ya gaza hana haɗarin, kuma bai kamata a ɗauke shi abin koyi ido rufe ba. Sai dai gazawar ta fito fili, da sunan kowa da rabonsa na laifi.

Bodo, 2008

A 2008 bututun Trans-Niger na kamfanin Shell a Nijeriya ya fashe sau biyu a Bodo, garin masunta. Ba a yi jayayya kan cewa lalacewar bututu ce ba, ba zagon ƙasa ba. Jayayyar ta kasance kan yaushe malalar ta fara da kuma yawanta. Takardar binciken haɗin gwiwa ta ce ta farko ta soma ne a 5 ga Oktoba, mutanen gari suka ce tun ƙarshen Agusta, ba a kuma toshe ta ba sai 7 ga Nuwamba. Kamfanin ya ƙiyasta ganga 1,640. Wani kamfanin ƙwararru na Amurka da ƙungiyar Amnesty ta nema ya duba bidiyon yadda man ke feshi, ya ce ya zarce ganga 100,000.

Wannan tazara ta samo asali ne daga yadda ake binciken. Tawagar haɗin gwiwa ta ƙunshi wakilan kamfani, da na hukumomin tarayya, da na jiha, da na al'umma. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, kamfani ne ke da jirgin ruwa da mota da kayan awo, shi ke sa ranar zuwa, injiniyansa ne ke duba ramin ya ce wannan yankan zarto ne ko cin tsatsa. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, na watan Agustan 2011, ya nuna cewa hukumomin sa ido sun dogara da kamfanonin mai wajen kai su wurin malala, kuma aikin DPR da na NOSDRA na cin karo. Jami'in da aka ɗauko a jirgin wanda zai bincika, aka kuma nuna masa inda zai duba, da wuya sa hannunsa ya zama shaida mai zaman kanta, ko da shi mutumin kirki ne.

Doka ta ƙara wa lamarin nauyi. Sashe na 11 na Dokar Bututun Mai ya wajabta biyan diyya ga wanda malala ta cutar, amma ya cire abin da mugun aikin wani na waje ya jawo. Kenan kalma ɗaya a cikin takardar bincike ita ke raba masunci da diyya, kuma ɓangaren da zai biya shi ne mai rinjaye wajen rubuta ta. Tarar da dokar NOSDRA ta tanada kuwa ita ce naira 500,000 a kowace rana kan ƙin ba da rahoton malala cikin sa'o'i 24, da naira miliyan 1 kan ƙin tsabtacewa. Ko wannan ma, a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar hukumar da kamfanin Mobil, ta ce cin tara aikin kotu ne, ba na hukumar ba.

Gaskiyar Bodo ba a Fatakwal ko Abuja ta fito ba, a Landan ta fito. A shari'ar da mutanen garin suka shigar can, an tilasta fito da takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda suka nuna cewa tun farkon shekarun 2000 ma'aikatansa sun yi gargaɗin cewa manyan bututansa sun tsufa, wasu na buƙatar sauyawa. Kamfanin ya amince cewa alƙalumansa na farko sun gaza, kuma a Janairun 2015 ya yarda ya biya fam miliyan 55 ga masunta kimanin 15,600 da al'ummar garin. Haka nan a 29 ga Janairun 2021, a wata ƙarar da wasu manoma suka shigar, kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague a Holan, tana aiki da dokar Nijeriya, ta yanke cewa kamfanin bai tabbatar da zagon ƙasa ba a malalar garuruwan Goi da Oruma, domin nauyin tabbatarwa a kansa yake. Ta kuma umarci a saka na'urar gano yoyo a bututun Oruma. Abin takaici ne a ce umarnin kariya irin wannan, wanda kowace hukumar sa ido ya kamata ta bayar cikin wasiƙa ɗaya, sai da manoma suka yi shari'ar shekara 13 a wata nahiya kafin a same shi.

Tattaunawa

Dokar 2021 ba ta warware wannan ƙulli ba, ta ma ƙara ɗaure shi. Ta tanadi asusun al'ummomin da ake aikin mai a yankinsu, wanda kamfani ke zuba wa kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsa, amma ta ce idan aka yi ɓarna ga kayan aiki za a cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar. Yanzu kalmar zagon ƙasa na hana diyya, tana kuma rage asusun gari, alhali hanyar tantance ta ba ta sauya ba.

Batun bai tsaya ga Neja-Delta ba. Matatar Kaduna ta bututu aka tsara kai mata ɗanyen mai daga kudu. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya ratsa gonaki da ƙauyuka. A Nijar, bututun Agadem zuwa gaɓar tekun Jamhuriyar Binin mai kusan kilomita 2,000 ya fara aiki a 2024, kuma a shekarar aka kai masa hari. Inda ake da 'yan bindiga, cewa an fasa bututu ne zai fi saurin karɓuwa fiye da cewa tsatsa ce, ko da tsatsar ce.

Saboda haka wannan nazari na ganin gyara uku sun fi ƙarin tara gaggawa. Doka ta wajabta wa kamfani miƙa ɗanyen sakamakon awon cikin bututu ga hukuma a kan lokaci, ba taƙaitaccen bayanin da shi ya tace ba, kuma hukumar ta ɗauki injiniyoyin da za su iya karanta shi. A ba NOSDRA kasafin da zai sa ta isa wurin malala da jirginta da kayan awonta. Na uku shi ne mafi arha: duk guntun bututun da ake jayayya a kansa a yanke shi a gaban wakilan al'umma, a sa masa hatimi, a kai shi ɗakin gwajin da ba na kamfani ba, kuma kada a rubuta musabbabi a takardar bincike sai sakamakon ya dawo.