Ƙarfe Ya Cije: Haɗuwar Ƙira da Inji a Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wani abu da na gani a wata ma'aikatar sassaƙar ƙarfe a Gombe, garin da aiki ya kawo ni daga gida Katsina. Bakin injin huda ƙarfe ne ya cije a mazauninsa, yaran shago suka yi ta fama da shi tun hantsi. Da maigidansu ya iso, sai ya karɓe gudumar da ke hannun babbansu, ya aika a samo masa gawayi. Abin da ya ja hankalina shi ne maganarsu: sunayen kayan aikin na aro ne, amma duk aikatau ɗin da suka furta na Hausa ne. Manufar maƙalar ita ce bin sawun yadda aka yi haka ta faru.

2.0 Shigowar Inji

Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin 1804, hedkwatarta kuma tana Gombe Abba. Garin da ake kira Gombe a yau, wato Doma, sai a 1919 Turawa suka mayar da mazaunin sarki can. Ƙirar da aka sani kafin wannan lokaci ita ce ta maƙeran baƙi, masu fartanya da gatari da lauje, da ta maƙeran fari, masu kayan ado. Kayan aikinsu su ne uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi da kurfi da magagari, kamar dai na maƙeran birnin Kano waɗanda Philip Jaggar ya nazarta a littafinsa na 1994.

Auduga ce ta fara kawo manyan injuna. A shekarun 1950 nomanta ya bunƙasa a ƙasar Gombe, kamfanin BCGA ya kafa injin gurza, har sunansa ya zama sunan unguwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1963 kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, masana'antar siminti ta Ashaka kuma ta fara aiki a 1979. Kowane ɗaya daga cikinsu ya zo da bukatar mai gyara.

Sai dai injunan ba daga gida ɗaya suka fito ba, kuma nan ne tushen matsala. Na Ingila suna ɗauke da zaren noti irin wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai awon inci da kusurwar digiri 55. Na Jamus da Japan, da na Sin da suka biyo baya, awon mita suke bi, mai digiri 60. A ido ba a cika rarrabe su ba. Notin wancan zai hau zaren wannan zagaye biyu ko uku, sannan ya tsaya cak. In aka matsa masa da sifana, shi ke nan, ya ci zaren. Bayan 1986, lokacin da tsarin SAP ya karya darajar naira, sayen sabon abu ya gagari ƙaramin mai sana'a, aka koma haɗa tsohon wannan da tsohon wancan.

3.0 Kwance Abin Da Ya Cije

Bakin injin da na ambata ba zare ne ya riƙe shi ba. Gindinsa mai tsini ne, irin wanda Stephen Morse na Amurka ya ƙirƙiro a 1864, yana tsukewa da kusan kashi 1 cikin 20 na tsawonsa. Da gangan aka yi shi don ya kama kansa ba tare da noti ba, kuma akwai wata kafa a gefe inda ake cusa ƙarfe mai fasalin kurfi a buga, ya faɗo. Amma idan tsatsar damina ta shiga, ko ƙurar hunturu ta cakuɗe da giris, ko aka zura shi da sanyi a mazauni mai zafi, to bugun ba ya wadatarwa. Ƙarin duka kuwa yana iya lanƙwasa sandar injin ko ya fasa boris, alhali injin ya girmi mai shi, ba a kuma samun kayansa a kasuwa.

Maigidan ya ciro mazaunin daga jikin injin, ya jiƙa mahaɗar da kananzir, ya bar ta ta kwana. Washegari ya gasa bayan mazaunin a kan gawayin ƙirya, wanda maƙera suka fifita tun kaka da kakanni. Hikimar a fili take: ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kimanin milimita 1.2 idan zafinsa ya hau da digiri 100, saboda haka na waje yakan buɗe kafin zafin ya kai ga na ciki. Haɗarin shi ne wuce gona da iri, domin daga wajen digiri 200 taurin ƙarfen yake fara sauka. Ba shi da ma'aunin zafi, launi yake dubawa. Fatsi-fatsi kamar karan dawa gargaɗi ne, shuɗi kuwa ɓarna ce. Wannan ilimi ba da inji ya zo ba. Da shi maƙeri yake ba wuƙa ruwa. Daga nan ya ɗora guntun tagulla, don ta fi ƙarfen taushi, ya buga sau biyu.

4.0 Abin Da Harshe Ya Adana

Sunaye irin su sifana, sukudireba, noti, giris, boris da walda duk daga Ingilishi suke, an yi musu kwaskwarima ta hanyar saƙa wasali tsakanin baƙaƙe ko a ƙarshen kalma. Aikatau kuwa Hausa ba ta cika aronsa kai tsaye ba. Takan jingina sunan aro da "yi", kamar yi walda ko yi sabis. To amma a wajen kwance ƙarfe ko wannan dabarar ba a bukata, domin maƙera sun riga sun tanadi kalmomin.

A ganina, bambancin da ke tsakaninsu ya fi na littafin kanikanci kaifi. Abu ya maƙale idan wani abu ne ya tare shi. Ya kafe idan tsatsa ko daɗewa ce ta hana shi motsi. Ya cije idan fuska biyu ne suka kama juna, kamar haƙori da nama. Dukkansu 'yan aji na 4 ne a rabe-raben da F. W. Parsons ya yi a 1960, ajin da ke nuna aiki ya kai matuƙa. Nasara kuma da aji na 7 ake bayyana ta: ya ciru, ya zaru, ya warwaru. Kowace kalma tana tafe da maganinta, domin wanda ya ce "ya kafe" kananzir zai nema, wanda ya ce "ya cije" kuwa wuta zai hura.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga injin gurzar Gombe, don haka ba laifinsu ba ne idan ba a nemi wannan rarrabewa a cikinsu ba. Laifin namu ne, mu da muke ƙirƙiro kalmomin kimiyya a ɗakin taro ba mu leƙa shagon da ke bayan tasha ba. Yaran shagon nan, waɗanda cikinsu akwai Fulani da Tera da Tangale, da Hausa suke koyon sana'ar. Na lura ƙaraminsu kalma ɗaya yake amfani da ita a duk halayen uku: "ya ƙi".